Agaji a ƙasar da masu bindiga ke mulki: ta ina kuɗin ke zurarewa, kuma wace kafa ake iya toshewa?

A watan Mayun 2024 ofishin babban sufeton Amurka mai bin diddigin kuɗin da ƙasar ke kashewa a Afganistan, wanda aka fi sani da SIGAR, ya fitar da wani rahoto da ya tayar da ƙura a majalisar dokokin ƙasar. Ofishin ya tambayi ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin gwamnatin Amurka ko sun biya hukumomin Taliban wani abu tun ranar 15 ga Agustan 2021 da ƙungiyar ta karɓe Kabul. Daga cikin 65 da suka amsa, 38 sun ce sun biya: haraji, kuɗin fito, kuɗin lasisi, kuɗin wuta da na ruwa. Jimilla ta kai aƙalla dala miliyan 10.9. Ofishin ya ƙara da cewa abin ya fi haka, domin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba su tattara alƙaluman abin da ƙananan ƙungiyoyin da suke bai wa kwangila suka biya ba.

Fushin da ya biyo baya yana da hujja. Mutumin da ake yankar haraji daga albashinsa yana da haƙƙin ya tambaya ko guminsa na ƙarewa a hannun waɗanda suka hana 'yan mata wuce aji shida, suka rufe wa mata ƙofar jami'a. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke agajin da take bai wa Afganistan da Yemen, har da na abincin gaggawa, bisa hujjar cewa Taliban da 'yan Huthi masu iko da arewacin Yemen na amfana. Ni ma ina cikin masu ganin cewa ko sisi bai kamata ya ƙara wa irin waɗannan gwamnatoci ƙarfi ba. Sai dai an taɓa gwada yanke agaji baki ɗaya, kuma kaburburan da hakan ya haifar suna nan. Kafin a yi maganar magani, sai an san hanyoyin da kuɗin ke bi, domin ba ɗaya ba ne, kuma ba duka ake toshe su da abu ɗaya ba.

Hanya mafi tsufa ita ce karkatar da kayan da kansu. Mutane kan ɗauka fasa sito ake yi da dare, alhali yawanci a kan takarda ake satar. Wanda ke riƙe da jerin sunayen mabuƙata shi ke riƙe da abincin. A 1994, bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda, mutane fiye da miliyan ɗaya suka tsallaka gabashin Zayar, ƙasar da yau ake kira Kwango, akasarinsu a kewayen garin Goma. A cikin talakawan da ke gudun tsira akwai sojojin tsohuwar gwamnati da mayaƙan Interahamwe waɗanda suka yi kisan da hannunsu. Su suka tsara sansanonin unguwa-unguwa kamar yadda suke mulki a gida, su ke faɗin adadin mutane, su ke karɓar rabon kowace unguwa. Sai su kumbura adadi, rarar abincin ta tafi kasuwa, kuɗin ya koma shirin yaƙi, wanda ya yi zancen komawa gida kuma ya shiga haɗari. Kafin shekarar ta ƙare reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF ya tattara ya fice, yana ganin aikinsa ya koma hidima ga masu kisa. Wasu ƙungiyoyin suka tsaya, suna nuni da yaran da kwalara da yunwa ke kashewa waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. Har yau ma'aikatan agaji na jayayya kan wanda ya yi daidai a cikinsu.

Bayan shekara ashirin da huɗu aka sake ganin salon a Yemen. A ƙarshen 2018 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta yi bincike a Sana'a, sai ta tarar da mutanen da takarda ta ce sun karɓi rabo amma ba su ga ko ƙwaya ba, ga kuma buhuna masu tambarinta a kasuwa. Ƙungiyar da ke rabon tana da alaƙa da ma'aikatar ilimi ta 'yan Huthi. WFP ta nemi a yi wa masu karɓa rajista da hoton yatsa, 'yan Huthi suka ƙi, suka ce barazana ce ga tsaro. A watan Yunin 2019 hukumar ta dakatar da wani ɓangare na rabo a Sana'a, a Agusta aka sa hannu kan yarjejeniya, aiwatarwa kuma ta yi ta jan ƙafa. Daga baya ma 'yan Huthi suka kafa wata majalisa da duk aikin agaji sai ya bi ta hannunta, suka nemi kashi 2 cikin 100 na kasafin kowane aiki. Sai da masu ba da kuɗi suka yi barazanar janyewa tare sannan suka janye buƙatar a farkon 2020. Wannan nasara ƙarama ce, amma a riƙe ta, za mu dawo kanta.

Hanya ta biyu kuɗin shiga ne. A kudancin Somaliya Al-Shabab ta kafa ofis na musamman mai kula da ƙungiyoyin agaji, inda ake biyan kuɗin rajista da ya kan kai dala 10,000, ban da abin da ake karɓa a shingen hanya. A kwatanta direban babbar mota ɗauke da buhunan abinci, ya iso shinge, matashi da bindiga ya faɗa masa farashi. Idan ya biya, dokar ƙasar da ta ba da kuɗin na iya ɗaukarsa mai tallafa wa ta'addanci. Idan bai biya ba, motar ta juya, ƙauyen da ke gaba ya kwana da yunwa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ɗan kwangilar sufuri ya biya, ya cusa kuɗin cikin farashin haya, babu wanda ya rubuta, babu wanda ya tambaya. Ofishin da ke Nairobi ko Geneva ya samu rasiti mai tsabta, direban da ƙaramin ma'aikaci ɗan ƙasa kuma su ɗauki haɗarin su kaɗai.

A inda ƙungiyar ta zama gwamnati sosai, kamar Afganistan, kuɗin shingen ya kan sa rigar doka. Ma'aikacin jinya da ƙungiyar agaji ke biya albashi dole a cire masa haraji. Ginin da aka yi haya akwai harajinsa. Wutar lantarkin asibiti daga kamfanin gwamnati take. Babu yadda za a yi aiki a ƙasa ba tare da an taɓa baitulmalin wanda ke mulkinta ba, kuma duk wanda ya yi alƙawarin cewa ko dala ɗaya ba za ta shiga ba, alƙawarin ficewa ya yi. Amma a sa ma'auni. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa Taliban na tara kimanin dala biliyan 2 ko fiye a shekara, galibi daga kuɗin fito a kan iyaka da harajin cikin gida. Dala miliyan 10.9, ko an ninka ta sau goma, ba ita ke riƙe da mulkin ba.

Abin da ya fi nauyi ba a cika ganinsa a kanun labarai ba, wato canjin kuɗi. Da Taliban ta shiga Kabul, Amurka ta riƙe kimanin dala biliyan 7 na ajiyar babban bankin Afganistan da ke New York, bankunan waje kuma suka daina hulɗa da ƙasar. Ba a iya tura kuɗi ta waya ko ta banki, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma ɗaukar tsabar dala a jirgin sama tun daga Disamban 2021, sau da yawa kimanin dala miliyan 40 a tashi ɗaya. Zuwa farkon 2024 SIGAR ta ce jimillar ta haura dala biliyan 2.9. Babban bankin da ke hannun Taliban ya riƙa wallafa hotunan ɗaurin kuɗin a filin jirgi, kamar shi aka kawo wa. Majalisar ta bayyana cewa a wani banki mai zaman kansa ake ajiye su, ba a bai wa Taliban. Haka ne. Sai dai ma'aikaci a Kandahar ko manomi a Herat da kuɗin ƙasar, afgani, ake biyansa, kuma mai buga afgani babban bankin ne. Dalar da aka canza ta kan zagaya ta isa gare shi, ya sayar da ita a gwanjo, darajar afgani ta tsaya da ƙafarta. A wani zango na 2023 afgani ya fi kowane kuɗi a duniya ƙara daraja. Gwamnatin da babu ƙasar da ta amince da ita a lokacin ta samu kwanciyar farashi a kasuwa ba tare da ta saci komai ba. A Siriya ta zamanin Assad abin ya fi muni, domin can tilasta wa hukumomin agaji aka yi su canza dala a farashin gwamnati, wani bincike kuma ya ƙiyasta cewa a 2020 kusan rabin kowace dala a nan take narkewa.

To a nan ne hujjar masu son yankewa ta fi ƙarfi, kuma bai dace a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa ko da ba a saci komai ba, magidancin da maƙwabci ya ɗauke masa cefane, abin da ke aljihunsa ya zama nasa ya kashe yadda ya ga dama. Idan duniya na ciyar da jama'a tana biyan likitoci, Taliban ta samu sarari ta zuba nata kuɗin a soja da 'yan sanda da 'yan leƙen asiri, kuma lallai ɓangaren tsaro ne ke cinye kaso mafi tsoka na kasafinta. Kotun ƙolin Amurka ma da irin wannan tunani ta yanke hukunci a 2010, cewa ko taimakon da ba na makami ba ga ƙungiyar da aka ayyana ta ta'adda laifi ne, tunda yana sakar mata hannu.

Raunin hujjar ɗaya ne, amma babba. Tana ɗauka cewa idan maƙwabcin ya daina, magidancin zai ɗauki nauyin gidansa. Gwamnatin da ta hau mulki da bindiga ba ta jiran ƙuri'ar kowa, kuma yunwar talaka ba ta taɓa mayaƙi sai a ƙarshe. Da aka yanke kuɗi a 2025, ɗaruruwan ƙananan asibitoci ne suka rufe a Afganistan. Ba a ga an rage sojoji an buɗe su ba.

Somaliya ce ta nuna iyakar abin. A 2008 Amurka ta ayyana Al-Shabab a matsayin ƙungiyar ta'adda, agajinta ga kudancin ƙasar ya ragu ƙwarai, ƙungiyoyi suka shiga tsoron gurfana a kotu idan buhu ɗaya ya faɗa hannun da bai dace ba. A Janairun 2010 WFP ta dakatar da aiki a yankunan Al-Shabab saboda barazana da sharuɗɗan ƙungiyar. Damina biyu suka gaza a jere, farashin abinci ya tashi. An yi ta gargaɗi wata da watanni kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana yunwa mai kisa ranar 20 ga Yulin 2011, kuma sai a Agusta Amurka ta sassauta dokokinta. Mutane kimanin 258,000 suka mutu tsakanin Oktoban 2010 da Afrilun 2012, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Laifi mafi girma na Al-Shabab ne, wadda ta musanta yunwar, ta hana mutane gudu, ta kori hukumomi 16 a Nuwamban 2011. Amma tsoron doka ya taimaka wajen jinkirin, kuma ƙungiyar ba ta talauce ba. Gawayi da tashar jiragen ruwa ta Kismayo suka ci gaba da ciyar da ita a lokacin, yau kuma hukumomin Amurka na ƙiyasta cewa tana tara fiye da dala miliyan 100 a shekara, akasari daga harajin dole da take ɗora wa 'yan kasuwa da masu sufuri.

Daga wannan darasi Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 2615 a Disamban 2021, wanda ya keɓe aikin jinƙai daga takunkumin da ke kan Taliban, sannan mai lamba 2664 a Disamban 2022, wanda ya faɗaɗa keɓewar zuwa sauran takunkuman Majalisar. Ƙudurorin ba su halatta bai wa kowa kyauta ba. Sun dai ce kuɗin da ba makawa sai an biya domin agaji ya isa ba zai zama laifi ba, tare da sharaɗin a yi ƙoƙarin rage shi. Bankuna kuwa har yanzu da yawa sun gwammace su rufe asusun ƙungiyar agaji da su ɗauki kasada, sai aikin ya koma hannun 'yan hawala, masu tura kuɗi ba ta banki ba, da jakunkunan tsabar kuɗi, inda bin sawu ya fi wuya. Dokar da aka yi don a ga inda kuɗi ke tafiya ta tura shi inda ba a gani.

Abin da aka gwada ya yi aiki ba shi da ban mamaki. Na farko shi ne raba tallafin gwamnati da agajin ceton rai. Kafin 2021 kimanin kashi 75 cikin 100 na abin da gwamnatin Afganistan ke kashewa daga waje yake zuwa. Wannan an yanke shi nan take da Taliban ta karɓi mulki, kuma daidai ne: kuɗin da ke shiga baitulmali kai-tsaye bai kamata ya je hannun irin wannan mulki ba. Abin da ya rage sai aka bi da shi ta gefe. Kwamitin Red Cross na duniya ya riƙa biyan albashin ma'aikata a asibitoci 33 kai-tsaye har zuwa 2023. UNICEF ta tura wa malaman makaranta kusan 194,000 dala 100 a wata na ɗan lokaci a farkon 2022, ba ta hannun ma'aikatar ilimi ba. Rabin ajiyar da aka riƙe, dala biliyan 3.5, an mayar da shi wani asusu a Suwizalan a Satumban 2022, inda Taliban ba ta da iko da shi.

Sai kuma batun jerin sunaye. Duk inda hukumar agaji ta yi rajistar mabuƙata da kanta, ta tura kuɗi ta wayar mai karɓa ko ta kati, ta ɗauki masu sa ido daban da masu rabo, ta buɗe layin da mutum zai kira ya ce bai samu ba, sata na raguwa. Hoton yatsa ma na rage sunayen bogi, amma ni ina da ɗari-ɗari da shi. Rumbun bayanan da ke ɗauke da suna da ƙauye da ƙabilar miliyoyin mutane makami ne idan ya sauya hannu, kuma a 2021 na'urorin ɗaukar irin waɗannan bayanai da aka bari a Afganistan sun faɗa hannun Taliban. Tura kuɗi ta waya ma ba ya hana mai bindiga ya bi mutum gida da yamma ya karɓi kasonsa. Kowace dabara tana rage ɓarna ne, ba ta kawar da ita.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne haɗin kai wajen ja da masu mulkin, kuma a nan ne aka fi gazawa. Buƙatar kashi 2 cikin 100 ta 'yan Huthi ta faɗi ne saboda an ƙi ta baki ɗaya. Idan kuwa ƙungiya ɗaya ta ƙi, ta biyu ta yarda don kada ta rasa aiki, mai bindiga ya gane cewa kowa na da farashi. Ranar 24 ga Disamban 2022 Taliban ta hana mata aiki a ƙungiyoyin agaji. Manyan ƙungiyoyi irin su Save the Children da CARE da NRC suka dakatar da aiki nan da nan, kuma cikin makonni aka samu sassauci a fannin lafiya da abinci mai gina jiki. Amma matsayin bai ɗore a dunƙule ba, kowa ya koma neman izini lardi-lardi, a Afrilun 2023 kuma aka faɗaɗa hanin zuwa matan da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya. A Yemen abin ya kai ga kama ma'aikatan Majalisar a Yunin 2024, wani ma'aikacin WFP ya mutu a tsare a Fabrairun 2025, a wannan watan kuma aka dakatar da aiki a lardin Sa'ada. Dakatarwa irin wannan, mai dalili a bayyane, mai iyakar yanki, mai sharaɗin dawowa, ta sha bamban da rufe ƙasa gaba ɗaya daga nesa. Tana gaya wa mai mulki abin da zai gyara, tana kuma gaya wa jama'a wanda ya jawo musu.

Idan da gaske ana son a tsuke wa waɗannan ƙungiyoyi aljihu, inda kuɗin yake a bayyane yake: fito a kan iyaka, tashoshin jiragen ruwa irin Hudaida ta Yemen, man fetur, kamfanonin waya, ma'adinai, fasa-ƙwauri, da 'yan kasuwar da ke wanke musu kuɗi a biranen da ke zaman lafiya. Bin waɗannan na buƙatar a matsa wa ƙasashe maƙwabta da abokan ciniki, abin da ke da tsada a siyasa. Yanke abincin yara kuwa sa hannu ɗaya ne.

Ƙungiyoyin agaji su ma suna da nasu laifin, kuma ya kamata a faɗe shi. Sun daɗe suna ɓoye girman karkatarwa, domin sun san duk wanda ya fito ya ce an sace masa kashi kaza, shi za a fara yanke wa kuɗi. A Habasha a 2023 sai da abin ya yi ƙamari kafin Amurka da WFP su dakatar da rabon abinci a faɗin ƙasar na tsawon watanni, masu yunwa kuma suka biya bashin shirun da aka yi. Muddin masu ba da kuɗi na cewa ba za su lamunci asarar ko kwabo ba, rahotannin da za su riƙa samu masu tsabta ne amma na ƙarya. Ya kamata su bambanta kuɗin wutar asibiti da cin hancin da ke sayen harsashi, su wajabta wa kowace ƙungiya, har da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da 'yan kwangilarsu, ta rubuta duk abin da ta biya hukumomin yanki da dalilinsa, su kuma tabbatar wa wanda ya kawo rahoton sata da kansa cewa gyara za a yi tare da shi, kotu da yanke kuɗi na wanda ya ɓoye ne.